Yadda ake barin isasshen lokaci tsakanin jirgi da jirgi a manyan filayen duniya

Duk wanda zai bar Zariya zuwa ƙasar waje ta sama, da mota zai fara. Filin jirgin da ke garin na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne, ba a jigilar fasinja a cikinsa, don haka ko dai a nufi Kano, ko Abuja, wani lokaci har Legas. Daga can kuma, in aka cire birane kaɗan irin su Jidda da Alkahira da Landan, kusan ko'ina za ka sai ka sauka a wani babban fili ka canza jirgi: Addis Ababa, Alkahira, Istanbul, Doha ko Frankfurt. Malamin jami'a mai zuwa taro, ɗalibi mai tafiya karatu, ɗan kasuwa mai zuwa Chaina, da wanda zai kai mara lafiya Indiya, duk a wannan gaɓar tafiyarsu ta fi lalacewa. Ana duba tikiti a ga awa ɗaya da rabi tsakanin sauka da tashi, sai a ɗauka duk awa ɗaya da rabin nan na fasinja ne. Ba nasa ba ne, kuma lissafin da ke tafe zai nuna inda lokacin yake zurarewa.

Fara da sanin irin tikitin da ke hannunka

Kafin a yi maganar minti nawa, ka tabbatar ko tikitinka ɗaya ne ko biyu, domin shi ke nuna wanda zai ɗauki asara idan jirgi ya kuɓuce maka. Buɗe takardar da ejan ya turo maka ka nemi lambar tikiti. Lamba ce mai alƙaluma 13, kuma ukun farko na kamfanin da ya yanka tikitin ne: 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 235 na Turkish, 157 na Qatar, 220 na Lufthansa. Idan duk jiragen tafiyarka suna ƙarƙashin tikiti ɗaya, kamfani ya ɗauki alhakin kai ka har ƙarshe. Jirgin farko ya yi latti, na biyu ya tashi, su za su saka ka a na gaba ba tare da ka biya ko kwabo ba, kuma kayanka su za su ɗauke daga wannan jirgi zuwa wancan.

Idan kuwa ka ga lambobin tikiti biyu daban, kowanne da kamfaninsa da kuɗinsa, to tafiya biyu ka saya, ko da ejan ya buga su a takarda ɗaya. Wasu ejan suna haɗa irin wannan saboda ya fi araha, kuma ba kowane ne yake bayyana wa mai saye ba. A nan kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. Ka makara, a wurinsu fasinja ne kawai bai zo ba. Abin da ya fi zafi shi ne, galibin kamfanoni idan ka rasa jirgi ɗaya a tikiti, na'urarsu tana soke duk sauran jiragen da ke bayansa, har da na dawowa gida. Sannan a tikiti biyu sau da yawa sai ka fita ka karɓi kayanka ka sake kai su awo, wanda ke nufin sai ka wuce jami'an shige da fice na ƙasar, wato kana buƙatar bizar shiga ƙasar da kake zaton wucewa kawai za ka yi. Ka tambayi ejan kai tsaye: "Tikiti ɗaya ne har inda za ni? Kayana a ina zan karɓe su?" In amsar ta zo da kwana-kwana, ka duba lambar da kanka.

Yadda ake lissafin lokacin

Kowane babban fili yana da mafi ƙarancin lokacin canjin jirgi da aka amince da shi, kuma na'urar kamfani ba ta sayar da tikiti ɗaya da ya gaza wannan. A Heathrow ta Landan, alal misali, idan za ka canza daga wata tasha (wato ginin fasinja) zuwa wata a cikin filin, wajen minti 90 ne. Amma wannan lokaci an auna shi ne da fasinja mai ƙarfin ƙafa, wanda jirginsa ya iso kan lokaci, ya san hanya, bai tsaya ko'ina ba. Don na'ura ta yarda ta sayar maka ba ya nufin ya ishe ka.

Ɗauki misalin jirgin da zai iso ƙarfe 6:00 na safe, na biyu ya tashi 7:30. Ƙarfe 6:00 ɗin lokacin da jirgi zai tsaya a wurin ajiyarsa ne, ba lokacin da ƙafarka za ta taɓa ƙasa ba. Babban jirgi mai ɗaukar mutum 300 yakan ci minti 15 zuwa 20 kafin na kujerun baya su fita. Idan ba a jingina shi da gini ba, aka ajiye shi can nesa, sai a kwaso ku a bas, kuma bas ba ta tashi sai ta cika. Ƙara minti 10 zuwa 15. Wannan ya zama ruwan dare a Addis Ababa, yana kuma faruwa a Doha da Frankfurt. Daga nan tafiyar ƙafa zuwa wurin binciken masu canjin jirgi, kamar minti 10. Layin binciken kansa shi ne abin da ba wanda zai iya yi maka alkawarinsa: wata rana minti 5, wata rana fiye da rabin awa. Dalili kuwa, manyan kamfanoni da gangan suke tsara jiragensu su iso kusan lokaci guda su kuma tashi kusan lokaci guda domin fasinjoji su yi musaya, don haka lokacin da ka sauka shi ne lokacin da dubban mutane suka sauka. Bayan bincike sai tafiya zuwa ƙofar jirgi na biyu. A sabon filin Istanbul, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a 2019, daga wannan reshe zuwa wancan mutum yakan yi minti 20 yana tafiya da sauri.

Yanzu koma ɗaya gefen. Ƙarfe 7:30 lokacin da jirgi zai bar wurin ajiyarsa ne. Ƙofa ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin nan, kuma idan jirgin ma da bas ake kai masa mutane, bas ta ƙarshe takan tafi da wuri. Kenan lokacinka na gaskiya ya ƙare ne 7:10. Daga minti 90 an cire 20 na rufe ƙofa, 20 na fita daga jirgi, 10 na bas, 10 na tafiya, 15 na layi, 15 na neman ƙofa: babu abin da ya rage, alhali jirgin farko bai yi lattin ko minti ɗaya ba, ba ka shiga bayi ba, ba ka yi salla ba.

Shi ya sa muke ba da wannan ma'auni. Idan tikiti ɗaya ne, tasha ɗaya, ba za ka wuce shige da fice ba, ka nemi awa 2 a ƙalla. Idan kana tare da dattijo, ko mai juna biyu, ko yara ƙanana, ko wannan ce fitarka ta farko, awa 3. Idan akwai canjin tasha ko duba fasfo, awa 3 ma. Amurka awa 3 zuwa 4. Tikiti biyu daban, kada ya gaza awa 5 zuwa 6, in ma da hali a kwana. Mutane suna gudun zaman awa 4 a fili saboda gajiya, amma a ganinmu wannan zaman ya fi arha nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da sayen sabon tikiti a kanta da kuɗin waje.

Akwai wata tambayar da ba a cika yi ba: idan wannan jirgi na biyu ya wuce ni, yaushe ne na gaba? Daga Istanbul ko Doha zuwa Landan akwai jirage da yawa a rana, rasa ɗaya ba ya wuce jinkirin wasu awowi. Amma a hanyar dawowa, jirgin Abuja yawanci sau ɗaya ne a rana, na Kano kuma wasu kamfanonin ba kullum suke zuwa ba. Rasa shi na iya zama kwana ɗaya ko biyu a filin jirgi. Don haka lokacin da ka bari a dawowa ya kamata ya fi na tafiya yawa.

Duk lokutan da ke kan tikiti na agogon garin da ake magana a kai ne. Addis Ababa, Istanbul, Doha da Jidda suna gaban Najeriya da awa 2, Dubai da awa 3, Chaina da awa 7, Indiya da awa 4 da rabi. Jamus da Faransa daidai suke da mu a lokacin sanyinsu, su wuce mu da awa 1 a lokacin zafi. Landan kuma tana bayanmu da awa 1 a lokacin sanyi. Da ka sauka, ka daidaita agogon hannu da na bangon filin, domin wayar da ba ta kama layi ba takan ci gaba da nuna lokacin gida. Ka kuma lura da jirgin da aka rubuta 00:40 ko 01:15: tun kafin ƙarfe 12 na daren da zai wayi gari ranar da aka rubuta za ka kasance a fili, ba daren da ke biyo bayan yinin ranar ba.

Wuraren da ke da nasu dokar

Amurka ba ta da tsarin wucewa ba tare da shiga ƙasa ba. A filin farko da ka sauka za ka yi layin shige da fice, a ƙa'ida ka karɓi kayanka, ka wuce kwastan, ka sake miƙa kayan, sannan ka sake yin layin bincike, ko da tikitinka ɗaya ne. A Turai kuma, ƙasashen yankin Schengen, wato waɗanda suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, suna duba fasfo ne a filin farko. Mai zuwa Italiya ta Frankfurt, a Frankfurt za a duba shi. Tun watan Oktoban 2025 suka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu ga baƙi, wanda ke ƙara tsawon layi ga mai shiga karon farko.

Maganar biza tana cikin maganar lokaci, domin wanda aka hana shiga jirgi a Abuja lissafinsa duk ya tashi a banza. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin ƙasar Schengen ba, sai dai in yana da abin da ke ɗauke masa ita, kamar ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko ta Schengen ɗin kanta. Birtaniya ma tana da irin wannan doka da nata sharuɗɗan. Sannan tafiyar da ta ƙunshi sauka biyu a cikin Schengen, a ce Frankfurt sannan Faris sannan a fita, tana buƙatar cikakkiyar bizar shiga, domin jirgin da ke tsakaninsu kamar na cikin gida ne.

Ka karanta haruffa ukun da ke nuna kowane fili. IST da SAW duk Istanbul ne, amma ɗaya yana ɓangaren Turai, ɗaya yana ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce ta fiye da awa ɗaya a mota. Haka LHR da LGW a Landan, CDG da ORY a Faris. Idan harafin sauka ya bambanta da na tashi, canjin fili ne: biza, karɓar kaya, mota, da sabon awo. A Dubai ma, tasha ta 2 tana can ɗaya gefen titin jirage, nesa da ta 1 da ta 3.

Ɓangaren gida

Canjin jirgi na farko a gaskiya tsakanin Zariya da filin tashi yake. Kantar awon kaya ta jiragen waje ana rufe ta kamar awa 1 kafin tashi, kuma ana so ka iso awa 3 kafin lokaci. Zuwa Kano ka ware awa 3 a hanya ko da direba ya ce biyu sun isa, saboda cunkoson shiga gari daga Na'ibawa. Zuwa Abuja kuwa, ko ta mota ko ta jirgin ƙasa daga Rigasa, shawararmu ita ce a tafi ana gobe tashi, ko a bar Kwangila da sassafe idan jirgin na dare ne.

Wanda zai hau jirgin cikin gida zuwa Legas ya kama na waje, ya sani kusan kullum tikiti biyu ne. Jiragen cikin gida suna yawan ɗage lokaci, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan hana tashi da sauka a Kano da Kaduna na awowi. Da damina kuma hadari. A Legas tashoshin cikin gida daban suke da ta ƙasa da ƙasa, sai an hau mota. Kada ka ɗauki jirgin rana don kama na daren ranar. Ka ɗauki na farko da safe, ko ka kwana a can.

Abin yi ranar tafiya

A kantar awo ka roƙi katin shiga jirgi na duk jiragen biyu. In sun ce na biyu sai can, to ka san akwai ƙarin layi a kantar masu canjin jirgi, ka saka shi a lissafi. Duba takardar da aka liƙa a jakarka kafin ta tafi: haruffa ukun ƙarshen tafiyarka ya kamata su fito a kai. Masu zuwa Guangzhou su lura, CAN ce tasu, KAN kuma Kano. Ka adana ɗan guntun da aka ba ka, da shi ake neman kaya in sun ɓace. Idan lokacin canjinka gajere ne, nemi kujera ta gaba kusa da hanya.

Shirya jakar hannu tun daga gida yadda bincike na biyu ba zai tsayar da kai ba. Duk wani abu mai ruwa kada kwalbarsa ta wuce mililita 100: turare, zuma, man zaitun, man shafawa, duk su tafi cikin babbar jaka. Ruwan da aka ba ka a jirgin farko ma za a karɓe. Abin da ka saya a shagon cikin fili ka bar shi a ledarsa da aka rufe, da rasit a ciki. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a saka shi a kayan awo. Kilishi da dambun nama an hana shiga da su Turai da Amurka, kuma jakar da aka gan su a ciki sai an zazzage ta. Magungunanka, takardun asibiti, katin rigakafin shawara, caja da kaya sawa ɗaya su kasance tare da kai, domin a gajeren canji wani lokaci fasinja yakan kai, jakarsa ba ta kai ba.

Idan za a yi tafiya da Baba ko Hajiya da doguwar tafiyar ƙafa ke wahalar da su, a nemi keken guragu ta wurin ejan ko kamfani awa 48 kafin tashi. Kyauta ne, kuma ba sai mutum ba ya iya tafiya sam ake ba shi ba. Ma'aikacin da ke tura keken ya san hanya, sau da yawa kuma akwai layinsu daban. Sai dai masu keke su ake fitarwa a ƙarshe daga jirgi, don haka kada a haɗa wannan da canjin awa ɗaya.

Da ka fito daga jirgi, kada ka bi ayari ido rufe. Rabinsu gida suka iso. Alamar da aka rubuta Transfer ko Connecting Flights ita ce taka. Wadda aka rubuta Arrivals ko Baggage Claim ta masu fita gari ce, kuma wanda ya bi ta zai tsinci kansa gaban jami'in shige da fice. A allon farko da ka gani, nemi jirginka da lambarsa, ba da sunan gari kaɗai ba, domin ana iya samun jirage biyu masu zuwa gari ɗaya a tsakanin minti 30. Ƙofar da aka buga a katinka tun daga Kano na iya canzawa. Allo ne mai gaskiya. Ka wuce bincike, ka je har ƙofar ka gan ta da idonka, sannan ka nemi bayi, abinci da masallaci mafi kusa. Filayen Istanbul, Doha, Dubai, Alkahira da Addis Ababa duk suna da wuraren salla, kuma matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa salloli. Manyan filaye da yawa sun rage kiran fasinja ta lasifika, don haka wanda ya kishingiɗa ya saita ƙararrawar waya awa 1 kafin tashi.

Idan jirgin farko ya yi latti

Tun kuna sama ka nuna wa ma'aikacin jirgi katinka na biyu. Wani lokaci sukan matsar da mutum gaba kafin sauka, ko su gaya masa ƙofarsa. A ƙasa, ka nuna katin ga ma'aikacin da ke tsare layin bincike ka roƙi a shigar da kai gaba. In jirgin ya riga ya tafi, kada ka fita daga ɓangaren masu canji. Je kantar kamfanin da ke nan ciki, da fasfo da katunan biyu da guntun takardar kaya. A tikiti ɗaya za su ba ka jirgi na gaba. Ka tambayi takardar abinci, da masauki idan kwana ya kama, ka kuma ce su tabbatar an mayar da jakarka kan sabon jirgin. Masaukin da ke wajen fili yana iya buƙatar biza, don haka ka tambaya kafin ka amince. Kada ka sayi wani tikiti da kanka kafin ka yi magana da su, domin hakan na iya jawo soke sauran tafiyarka.

Idan tafiyar ta taso daga ƙasar Tarayyar Turai, ko kuma kamfanin wata ƙasar Tarayyar ne ya ɗauko ka zuwa can, dokarsu mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyya har Yuro 600 a doguwar tafiya idan ka isa ƙarshen tafiyarka da lattin awowi, muddin laifin na kamfani ne, ba na yanayi ba. Ka ajiye katunan shiga jirgi da duk rasit. Idan kai ka isa, jaka ba ta iso ba, ka cike takardar rahoto a kantar kayan da suka ɓace kafin ka bar ɗakin karɓar kaya, ka ba da adireshi da lambar waya mai aiki a ƙasar. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan jigilar jiragen sama, ta ba ka kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka jakar ka rubuta neman kuɗin abin da ka kashe saboda jinkirin, kwana 7 kuma idan jakar ta iso a fashe ko a lalace.